Paraska Mai Kiran Kishimi

Idan kaka ta kama a Hrabina, ganyen daji ya fara ja, to barcin safe ya ƙare a ƙauyenmu. Kishimai ne, mazan barewar nan masu rassan ƙaho, suke hawa tuddai suna ruri, kowanne na cika baki yana tara mata. Baƙo idan ya ji sai ya ɗauka bijimai aka kwance a daji. Mu da muka tashi a ciki mun san lokacinsu ne ya zo, sai mu gyara kwanciya. A cikinmu kuwa babu wanda ya san wannan ruri kamar Paraska, amma ta shekara arba'in ba wanda ya san ta sani.

A gidan katakon nan na bakin daji aka haife ta, wanda ke sama da coci. Gidan na hukuma ne, kuma tun kafin a haifi kakanninmu dokarsa ɗaya ce: wanda yake riƙe da aikin kiran kishimi shi ne zai zauna a ciki. Ubanta Mikula ne mai aikin a lokacin. Manyan mutane su zo daga babban birni da bindigoginsu, shi ya kai su daji, ya kwaikwayi rurin kishimi har dabbar ta fito fili neman abokin faɗa, su harbe. Allah bai ba Mikula ɗa namiji ba, sai wannan yarinya mai kunne kamar na zomo. Tana shekara bakwai ya same ta a bayan rumbun itace ta cire ƙwan fitilar uwarta, gilashin nan mai baki biyu na fitilar kananzir, ta kafa baki a ciki tana ruri, karen gidan ya shige ƙarƙashin benci yana kyarma. Bai doke ta ba. Uwar ce ta yi ta faɗa, don a shekarar nan ƙwan fitila huɗu aka fasa mata.

Daga nan ya riƙa tafiya da ita daji. Ya koya mata muryar tsoho da ta saurayi, da muryar wanda ya ci faɗa da ta wanda aka kora, da ɗan kukan da mace take yi ta hanci. Ya koya mata ta jiƙa yatsa ta ɗaga don ta san inda iska ta dosa. Kafin ta kai sha biyar ta fi shi, shi da bakinsa ya faɗa. To amma me? Ba a ɗaukar mace wannan aiki. Ba a rubuce abin yake ba, amma ya fi rubutacce ƙarfi.

Da ta isa aure ta zaɓi Fedor, mai jan gungumen itace da dawaki. Mutum ne shiru-shiru, mai faɗin kafaɗa, wanda ko ƙuda ba ya iya kashewa sai ya ba shi haƙuri. Mikula ya ce shi ke nan, ga magaji ya samu. Kaka uku yana koya masa. Fedor ya iya sawu, ya iya iska, yana iya gaya maka dabbar da ta wuce jiya da wadda ta wuce shekaranjiya. Amma ya kafa ƙahon bijimin da ake kira da shi a baki, sai ka ji kamar ɗan akuya ya ɓace wa uwarsa.

"Kai Fedor," in ji Mikula, "wannan kira kake yi ko ciwon ciki ne ya kama ka? In ciwon ciki ne ka faɗa a jiƙa maka magani."

"Baba, ina ƙoƙari."

"Na ga ƙoƙari. Hankaki ma da ke kan itacen can dariya yake maka."

Da tsohon ya kwanta ciwon ajali, su uku suka ƙulla abin da suka ƙulla. A al'adar aikin, mai kira ba ya tsayawa tare da baƙi. Yakan zaunar da su a maɓoya, shi ya koma baya kamar taku hamsin, don idan kishimi ya fito hankalinsa ya wuce ta kansu. To, Fedor sai ya zaunar da baƙi, ya rataya ƙahonsa, ya koma baya. Matarsa kuma tana biye da kwandon abinci, wa zai kula da mace mai kwando? A ƙarƙashin burodi da cuku akwai ƙwan fitila naɗe cikin tawul. Ita ta yi kiran, shi ya fito ya karɓi hannu.

Haka aka yi ta yi. Sunan Fedor ya kai har ƙetaren iyaka. Wani babban soja ya taɓa cire agogonsa ya ɗaura masa, sannan ya juyo ya ce wa Paraska, "Sannu da ɗaukar kaya, uwar gida." Kada wani ya ce maka abin bai dame ta ba. Ya dame ta ƙwarai, ranar nan ta dawo gida ta yi ta faskara itacen da ba a bukata har hannunta ya yi kanta. Shi ma Fedor abin na cin sa. Duk kaka sai ya ce, "Bana zan faɗa musu gaskiya." Ita kuma ta ce, "Ka faɗa, mu kwana a ina? A daji, cikin kogon beyar?" Sai ya je ya ba dawaki ruwa.

Daga baya zamani ya juya, aka mai da dajin gandu na ƙasa, aka hana harbi. Masu bindiga suka ɗauke ƙafa, masu kyamara suka maye gurbinsu: malaman makaranta, da tsofaffin ma'aikata, da masu sabon aure, duk sun sha takalman hawan dutse da ko laka ba su taɓa gani ba. Wannan canji ya yi wa Paraska daɗi fiye da yadda take iya faɗa. A da, duk kiran da ta yi ajali take kira wa dabba, kuma ranar da aka harbe ba ta iya cin abinci. Yanzu kishimi ya fito, a kalle shi, ya koma wurin matansa da ƙafafunsa. Shekarun nan su ne mafi daɗi a rayuwarta.

Fedor ya rasu bayan dusar ƙanƙara ta narke, Allah ya jiƙansa. Ba a yi wata huɗu ba takarda ta zo daga ofishin gandu. Sabon darekta, wani matashi mai ladabi da ake kira Lubor, ya rubuta cewa suna taya ta baƙin ciki, kuma an sami sabon mai kira, saboda haka ta bar gidan kafin dusar ƙanƙara ta farko. Sabon mai kiran shi ne Imro, mutumin gari, wanda ya ci kofin gasar kiran kishimi sau uku a jere. E, ana yin gasar, a cikin zaure, a kan dandamali, alƙalai na zaune bayan labule suna ba da maki.

Paraska tana da shekara sittin da uku. Ba ta taɓa kwana bakwai a jere a wani gida ba. 'Yarta ta ce ta taho birni, akwai ɗaki a hawa na tara na wani dogon bene. Ta karanta takardar sau uku, ta ninke, ta sauka wurin maƙwabciyarta Hafia, wadda suka yi makaranta tare, ta zauna ta kwashe sirrin shekara arba'in ta gaya mata.

Hafia ta ajiye dankalin da take ferewa. "Ke? Ke ce? Duk rurin nan da ya hana ni barci tun ina amarya, ashe ke ce, 'yar banza?"

"Ni ce."

"To zaman me kike yi a nan? Tashi ki tafi ofis!"

"In tona wa Fedor asiri yana kwance a kabari? Mutane su ce ashe agogon ƙarya ya ɗaura?"

"Ke Paraska, mamaci ba ya jin sanyi, ke ce za ki ji. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Shi kansa ba kin ce kullum so yake ya faɗa ba? To ki faɗa a madadinsa, ki sauke masa kayan."

Kwana biyu tana jujjuya maganar. A rana ta uku ta ɗaura kallabin zuwa coci ta tafi. Ta tarar da darekta a ofis, Imro kuma na zaune a gefe ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, yana goge bututun kiransa na roba mai gaɓa uku.

"Yallaɓai," in ji ta, "zuwa na yi in gaya maka ba Fedor ke kiran ba. Ni ce. Aikin nake so, da gidan."

Lubor ya tashi ya jawo mata kujera. "Inna, zauna. Na san rashin miji akwai zafi. In ɗan lokaci kike so, sai mu ƙara miki wata ɗaya."

"Ba wata na zo roƙo ba. Ka kai ni daji ka gani."

Imro ya ƙyalƙyale da dariya. "Haba Goggo! Kiran kaji daban, kiran kishimi daban. Wannan aikin ƙirji ne. Ki bari, karen bana shi ke maganin zomon bana."

"Ɗana," ta ce, "ina kiran kishimi tun uwarka na goye da kai. Sai an gwada akan san na ƙwarai."

Darekta dai so yake ta tafi ba tare da an yi kuka a ofishinsa ba. Ya ce ranar Asabar akwai baƙi takwas, Imro zai kai su. Ta biyo su in tana so. In Imro bai fito da komai ba, sai ta gwada. Ya faɗa ne yana duba wata takarda, don bai ga ranar da za a zo kanta ba.

Asabar gari na wayewa suka kama hawa. Hazo na kwance a kwari, ganye a jiƙe, baƙi na haki. Paraska na can baya da kwandonta, kamar kullum. A hanya suka wuce inda aladen daji suka tone ƙasa kamar an yi huɗa, suka wuce wani itace da beyar, ƙaton naman dajin nan mai gashi, ya karce da farce, sama da kan mutum. Wata baƙuwa ta tambaya ko beyar ɗin na kusa. Imro ya ce kada ta damu, yana nan. Paraska ta dubi karcen ta ga ya yi sati uku.

Suka isa bakin wani fili a kan tudu. Tsallaken kwari, a ɗaya tudun, wani kishimi na ruri, murya mai kauri da ɗan kakari a ƙarshe. Paraska ta san shi. Ita da Fedor Kanar suke ce masa, don yadda yake tafiya. Shekara uku ke nan shi ke riƙe da wannan tudu, bana matansa goma sha ɗaya.

Imro ya zaunar da baƙi bayan wani faɗaɗɗen gungume, ya ja baya, ya zare bututunsa har ƙarshe. Ya cika ƙirji ya saki. Kai! Gaskiya dai gaskiya ce, yaron ya iya. Ruri ne mai zurfi, mai tsawo, wanda ka ji shi har cikin haƙarƙarinka. Baƙi suka dubi juna suna gyaɗa kai, darekta ya yi murmushi. Paraska kuwa ta san abin da zai biyo baya.

Kanar ya amsa sau ɗaya, gajere. Sai shiru. Imro ya ƙara, ya fi na farko. Da Kanar ya sake amsawa, muryar ta yi nisa. Imro ya yi ja har kunne, ya sake cika ƙirji, ya yi wani irin ruri da tsuntsaye suka tashi. Wani baƙo mai madubin hangen nesa ya ce a hankali, "Ga su can, suna hawa. Tafiya suke yi."

"Iska ce," in ji Imro. "Ko wani a cikinku ya fesa turare."

"Ba iska ba ce," in ji Paraska. Kowa ya juyo, don sun manta tana wurin. "Kai ne. A zaure alƙalai kake yi wa kira, su kuwa babbar murya suke so. To ka sa kanka a matsayin kishimin. Kana da mata goma sha ɗaya, ka yi sati biyu ba ci ba barci, sai ka ji wani ƙato da ya ninka ka a tsallaken kwari. Tsayawa za ka yi? Kwashe iyalinka za ka yi ka bar masa tudun. Ƙaramin da ya raina, shi yake zuwa duka."

Imro ya buɗe baki, darekta ya ɗaga masa hannu. "Inna, ga fili."

Ta jiƙa yatsa ta ɗaga. Ta tashi baƙin ta mayar da su taku ashirin zuwa hagu, inda iska ke bugun fuskarsu. Sannan ta buɗe kwando ta warware tawul. Da suka ga ƙwan fitila, wata ta toshe baki tana dariya. Paraska ta kama hanyar komawa baya, ƙafarta ta saba, har ta kusa shigewa bayan wani babban itace. Sai ta tsaya. Ta fito fili inda kowa ke ganinta.

"Ku juyo," ta ce. "Ku fara kallona tukuna, sannan ku kalli daji."

Tsoro take ji, ba na dabba ba, tsoron a ce tsohuwa ta haukace, a ɗora ta a mota a kai ta hawa na tara. Ta kafa baki ta ja numfashi. Abin da ya fito ba shi da daɗin ji ko kaɗan: murya siririya, mai tsagewa a tsakiya, irin ta saurayin kishimi da ƙahonsa bai gama rassa ba amma ya cika rashin kunya. Imro ya sunkuyar da kai yana girgiza shi. Ta sake yi, gajere, sau uku, kamar mai tsokana. Sannan ta sauke ƙwan, ta toshe hanci da yatsu biyu, ta yi ɗan kukan mace. Ta ɗauki busasshen reshe ta shiga dukan wani kurmi da shi, tana karya ƙirare da ƙafa. Duk wanda ya san daji ya san labarin da ta aika tsallaken kwari: wani ɗan yaro ya sace maka mace ɗaya, ga shi nan yana taƙama.

Shiru. Ana jin raɓa na ɗiga daga ganye. Darekta ya duba agogo. Paraska ta ƙirga numfashinta har arba'in, ta ji idonta na neman kawo ruwa, ta ce a ranta, shi ke nan, ya riga ya haye tudu.

Sai daji ya tsage.

Ba amsa ba ce, zagi ne. Kanar ya yi ruri daga saman tudu, ya sake yi daga tsakiya, na uku kuwa daga cikin kwari ya fito. Ana jin duwatsu na gangarowa, rassa na karyewa. Paraska ta ƙara masa guda ɗaya, 'yar ƙarama, ta raini, sannan ta durƙusa ta nuna wa baƙi gaba da haɓa.

Ya fito daga cikin hazo taku talatin daga inda suke. Wuyansa baƙi ƙirin da laka, ciyawa na reto a rassan ƙahonsa, tururi na fita daga hancinsa. Ya tsaya, ya ɗaga kai har ƙahon ya kwanta a gadon bayansa, ya buɗe baki ya yi ruri a fuskarsu. Mai madubin nan ya sake shi ya faɗi a ƙirjinsa. Matar da ta yi dariya ta damƙe hannun mijinta, hawaye na zuba. Cikin mutum takwas, biyu ne kawai suka tuna suna da kyamara. Kanar ya karci ƙasa da kofato, ya duba hagu ya duba dama yana neman ɗan iskan da ya raina shi, bai ga kowa ba. Can iska ta ɗan juya, ya shaƙi warin mutum, ya yi atishawa, ya juya ya koma da tafiyarsa ta manya, ko sauri bai yi ba.

Lubor ne ya fara motsi. Ya cire hularsa, ya zo ya tsaya a gabanta kamar ɗan makaranta.

"Inna, ki yafe mini."

"Ba ka yi mini komai ba. Gani ya kori ji."

"Shekara arba'in?"

"Da ɗaya, in an haɗa da bana."

"To Fedor fa? Mutane za su tambaya. Me zan ce musu?"

Ta naɗe ƙwan fitilar a tawul kafin ta amsa. "Ka ce musu ba a taɓa yin mai bin sawu kamarsa a dajin nan ba, shi ke kai ni inda dabba take. Ka ce kuma duk kaka yana so ya faɗi gaskiya, ni ce nake hana shi."

Imro yana gefe yana mayar da gaɓoɓin bututunsa. Da aka kama gangarowa ya matso kusa da ita, ya karɓi kwandon ba tare da ta ba shi ba. Sun yi nisa kafin ya iya cewa, "Goggo, wannan muryar yaron, yaya ake yin ta?"

"Au, kiran kajin?"

"Haba Goggo, a bar tuna baya."

"Ka zo ran Litinin. Ka bar kofunanka a gida, ka taho da gatari, akwai itacen da ba a faskara ba."

Baƙin nan kuwa kafin su shiga motarsu sai da kowanne ya tsaya aka ɗauke shi hoto da ita, tana tsaye ƙiƙam da kallabinta, ba ta san inda za ta sa hannuwanta ba. Kafin rana ta yi tsaka labari ya gama Hrabina. Tsofaffin da ke zama a ƙofar shago suka ce ai su dama sun daɗe suna zargi. Ƙarya suke yi, babu wanda ya taɓa zargin komai.

Takarda ta biyu ta zo bayan sati biyu, da hatimi da sa hannu, sunanta a rubuce a inda aka rubuta na ubanta da na mijinta. Ba ta kira kowa ba. Da la'asar Hafia ta hau tudun tana nishi don ta ji ko gaskiya ne, ta same ta a bayan gida, durƙushe a lambu, ta ja layi uku tana tura 'ya'yan tafarnuwa cikin ƙasa da babban yatsa.

Hafia ta tsaya ta riƙe ƙugu. Tafarnuwar da aka shuka yanzu sai ta kwana ƙarƙashin dusar ƙanƙara, ba a tonon ta sai watan bakwai na baɗi.

"Layi uku, Paraska? Ke kaɗai?"

"Huɗu zan yi," in ji ta, ba ta ko ɗago ba. "Miƙo mini kwanon nan."